Janar Murtala Muhammad: Sojan da ke Jikin Naira Ashirin

Dukanmu mun san fuskarsa a jikin Naira ashirin, amma kaɗan ne a cikinmu suka san aikin sojan da ya yi. Shi ya sa mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida muka bi diddigin tarihinsa.

An haifi Murtala a birnin Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Ya yi karatu a Kwalejin Barewa ta Zariya, ya shiga soja a 1958, ya samu horo a Sandhurst ta Ingila, ya fito da muƙamin hafsa a 1961. Fanninsa shi ne sadarwa, kuma ya je Kwango aikin kiyaye zaman lafiya.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, tuta biyu suka fuskanci juna: ta Najeriya mai kore da fari da kore, da ta Biyafara mai ja da baƙi da kore da hoton fitowar rana a tsakiya. Murtala ya jagoranci Runduna ta Biyu, ya ƙwato birnin Benin a watan Satumba. Sai dai tarihin nan ba nasara ce zalla ba. A watan Oktoba sojojin rundunarsa sun kashe ɗaruruwan fararen hula a Asaba, kuma yunƙurin haye Kogin Kwara zuwa Onica ya ci rayukan dakarunsa masu yawa.

Ya zama shugaban ƙasa a watan Yulin 1975. Cikin wata bakwai da bai cika ba ya mayar da jihohi 19, ya kuma zartar da ƙaurar babban birni zuwa Abuja. An harbe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976, yana ɗan shekara 37, aka yi jana'izarsa a Kano, jihar da Gwaram da Birnin Kudu ke cikinta a lokacin.

Shi Janar ne, an rubuta tarihinsa, mai daɗi da mai ɗaci. Ƙananan sojojin da suka yi wannan yaƙi fa? Shaidarsu takardar sallama ce da lambar soja da tsohon hoto a ƙasan akwati. Idan akwai irinsu a gidanku, ku nemi izinin manya ku kwafi suna da lamba da bataliya tun gara ba ta cinye su ba. Ku kawo mana, mu adana.