Muhammadu Bello a Fagen Fama

Duk yaron da ya ke karatu a ƙasar nan ya san sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. An san shi da malanta, an san shi da sarauta, kuma shi ne ya gina birnin Sakkwato. Amma tun kafin ya hau gadon sarauta shugaban mayaƙa ne, ya kuwa yi shekara fiye da 30 yana fita yaƙi. Waɗansu daga cikin manyan al'amuran da suka same shi a nan ƙasar Zamfara suka auku, ba nisa da garuruwanmu na Gusau da Tsafe da Bunguɗu. To, bari mu ga irin yadda ya shugabanci rundunarsa, da abin da ya koya daga nasara da kuma rashinta.

Ƙuruciyarsa

An haifi Bello cikin shekarar 1781. Ubansa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sunan uwarsa Hauwa. Ya yi karatu wurin ubansa da wurin ƙanen ubansa, Malam Abdullahi. Sa'ad da ya ke yaro, Shehu ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi cikin ƙasar Zamfara, saboda haka mutanen ƙasar nan sun san gidan tun da wuri.

Ana nan sai aka ɓata tsakanin Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. Cikin watan Fabrairu na 1804 Shehu ya yi hijira da jama'arsa daga Ɗegel zuwa Gudu. A lokacin Bello yana da kimanin shekara 23. Cikin watan Yuni na wannan shekara Yunfa ya zo da rundunarsa, aka gamu a Tabkin Kwatto. Gobirawa suna da dawaki masu yawa, da sulke da lifidi. Jama'ar Shehu kuwa dawakinsu ba su wuce 20 ba, yawancinsu 'yan baka ne. Malam Abdullahi ne ya ja rundunar, Bello yana tare da shi. Maharba suka tsaya wuri ɗaya suka yi ta sakin kibau, har dawakin Gobir suka juya. Wannan shi ne babban yaƙi na fari da Bello ya gani.

Shekarun wahala

Nasara ba ta daɗe ba. A ƙarshen 1804 jama'ar Shehu suka tasam ma Alƙalawa, babban birnin Gobir, amma ba su iya cinsa ba. Gobirawa da Buzaye suka auka musu a Tsuntsuwa, aka kashe musu mutum wajen 2,000. Cikin waɗanda suka rasu har da mutum 200 da suka haddace Alƙur'ani. Bayan wannan kuma ga yunwa, ga ciwo, domin mutanen da ke yawo da mata da yara ba su da gona, balle rumbu.

Saboda neman abinci suka taso zuwa Zamfara cikin 1805, suka sauka a wani wuri da a ke kira Sabon Gari. Da fari Zamfarawa sun karɓe su da murna, gama akwai tsohuwar gaba tsakaninsu da Gobirawa, waɗanda suka rushe Birnin Zamfara a zamanin kakanninsu. Amma mayaƙa masu jin yunwa suka shiga ɗibar hatsin talakawa da ƙarfi. Kafin a jima zukatan Zamfarawa da yawa suka juya, waɗanda jiya masoya ne suka koma abokan gaba. Bello ya ga wannan da idonsa. Ya gane rundunar da ba ta da abincin kanta takan ci amanar masu masaukinta, domin da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Daga nan jama'a suka koma Gwandu. A ƙarshen 1805 Gobirawa da Buzaye da Kabawa suka haɗa kai suka nufo su. Bello da Malam Abdullahi suna ganin ya fi kyau a tsaya gida a jira su, amma waɗansu manyan mayaƙa suka nace sai a fita a tare su. Aka fita. Kan hanya mayaƙan suka washe wani gari wanda ke zaman amana da su. Bello ya shiga tsakani don ya hana su, saura kaɗan su kashe shi. Da aka gamu da abokan gaba a Alwasa sai aka karya rundunar Shehu, mutum wajen 1,000 suka halaka. Waɗanda suka tsira suka koma Gwandu, suka yi ta kare garin har abokan gaba suka gaji suka watse. Gwandu ba ta da ganuwa a lokacin. Bayan haka Bello ya tsaya aka kewaye ta da ganuwa.

Ku lura da abu biyu a nan. Shawarar Bello ba ta ci ba, amma bai yi fushi ya zauna gida ba, ya bi jama'a ya sha wahala tare da su. Kuma bai ji tsoron tsawata wa mutanensa ba sa'ad da suka yi zalunci, ko da ya ke ransa na cikin hatsari.

Birnin Gada da 'Yandoto

Da ƙura ta lafa, Shehu ya aiki Bello zuwa Birnin Gada cikin ƙasar Zamfara, don ya sadu da shugabannin jama'a na gabas, watau na Katsina da Kano da Daura da Zamfara. Bello ya karanta musu takardar Shehu, suka yi mubaya'a. Da can kowa yaƙinsa ya ke yi shi kaɗai. Daga ran nan suka zama hannu ɗaya.

Cikin 1806 Bello ya sauka kusa da 'Yandoto, wadda ke tsakanin Gusau da Tsafe. Tsohon garin malamai ne na ƙasar Katsina, almajirai suna zuwa can daga nesa neman ilmi. Yawancin malaman garin ba su yarda da jihadin Shehu ba, har sun kori waɗanda suka bi shi. Bello bai fara da takobi ba. Ya aika musu su fito a zauna, a buɗe littattafai, a ga wanda ke kan gaskiya. Malaman suka ƙi ko ganinsa. Sa'an nan ya ci garin da yaƙi, mutanensa suka warwatsu.

Wannan abin baƙin ciki ne, gama malamai ne suka yaƙi malamai, kuma tsohuwar makaranta ta watse. Daga baya Shehu Laminu na Barno ya rubuto wa mutanen Sakkwato yana zarginsu da yaƙar 'yan'uwansu Musulmi da wulaƙanta littattafai. Bello ya amsa masa da alƙalami. Cikin amsar ya ba da labarin wani gari da suka ci, inda ya ga iska tana ɗibar takardu, ya sunkuya da kansa ya yi ta tsincewa har ya gaji. Bello ya sa takardun Shehu Laminu da nasa amsoshin cikin littafinsa, Infaƙul Maisuri, don na baya su karanta su auna.

Ɗaya daga cikin malaman wannan yanki da suka bi Shehu shi ne Malam Sambo ɗan Ashafa, wanda ya kafa garin Gusau. Da ya ke yankin nan na Katsina ne a da, shi ya sa a ke kiran sarkin Gusau Sarkin Katsinan Gusau, na Tsafe kuwa 'Yandoton Tsafe.

Cin Alƙalawa

Alƙalawa birni ne mai ƙarfi a bakin Gulbin Rima. An yi ta gwada shi ba a ci ba. Cikin 1808 aka danƙa wa Bello shugabancin dukan runduna. Wannan karo bai tafi da mutanen Gwandu kaɗai ba, ya kira waɗanda suka yi mubaya'a. Ga Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo, ga Umaru Dallaji da mutanen Katsina, ga Muhammadu Namoda da mutanen Zamfara, wanda garin Ƙaura Namoda ya ci sunansa. Suka kewaye birnin. Cikin watan Oktoba na 1808 aka shiga Alƙalawa. Sarkin Gobir Yunfa bai gudu ba, ya tsaya ya yi yaƙi har aka kashe shi tare da jarumawansa. Abin da ƙarfin zuciya kaɗai ya kasa cikin 1804, shiri da haɗin kai suka yi shi cikin 1808.

Cikin 1809 Bello ya fara gina Sakkwato. Cikin 1812 Shehu ya raba aikin mulki, ya ba Malam Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas.

Sarki mai tsaron iyaka

Shehu ya rasu cikin 1817, aka naɗa Bello Sarkin Musulmi. Nan da nan tawaye ya tashi a wurare da yawa, har da waɗansu sassan Zamfara. Malam Abdullahi kuma bai ji daɗin yadda aka yi naɗin ba, ya koma Gwandu. Bayan 'yan shekaru 'yan tawaye suka ƙarfafa a Kalambaina, suka gagari Malam Abdullahi. Bello bai tuna da saɓanin da ke tsakaninsu ba, ya kawo masa gudunmawa, aka ci garin. Da suka gamu Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, amma Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Haka suka shirya.

Bello bai manta da yunwar Zamfara da rashin ganuwar Gwandu ba. Saboda haka ya shiga kafa garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, waɗanda a ke kira ribaɗi, kamar su Wurno da Shinaka da Lajinge da Bakura. Ya sa 'ya'yansa da 'yan'uwansa su zauna cikinsu, shi kansa ya zauna Wurno. A cikin ribaɗi akwai liman da alƙali da malamin yara. Mutanen ciki suna noma, suna kiwon dawaki, suna sana'a, in an buga kuge su fito da makamai. Ya kuma jawo hankalin Filani makiyaya su zauna wuri ɗaya su sa 'ya'yansu karatu. Ta haka mayaƙi ya sami rumbunsa, ba shi da hujjar taɓa na wani.

Cikin 1824 wani Bature mutumin Birtaniya, Kyaftin Clapperton, ya zo Sakkwato. Ya yi mamakin yawan sanin Bello da irin tambayoyin da ya ke yi game da ƙasashen duniya. Ya sake komowa, ya rasu a Sakkwato cikin 1827.

Babban yaƙinsa na ƙarshe shi ne na Gawakuke, cikin 1836. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda da Ibra shugaban Buzaye suka haɗa kai. Bello yana da shekara 55, amma ya hau da kansa, ya tara rundunar sarakunansa, ya tare su can arewa. Aka kashe Ali da Rauda, Ibra ya tsere. Mutane masu yawa suka halaka a wannan rana. Duk da haka Gobirawa ba su ƙare ba, suka kafa sabon gari a Tsibiri kusa da Maraɗi.

Bello ya rasu a Wurno cikin watan Oktoba na 1837, shekarar da Sarauniya Biktoriya ta hau gadon Ingila. Can aka binne shi. Kafin ya cika ya gargaɗi ɗansa Aliyu kada ya ƙwaci sarauta da ƙarfi, a bar masu zaɓe su zaɓa. Aka naɗa ƙanensa Abubakar Atiku.

Yau jikokin waɗanda suka yi yaƙi a ɓangarorin nan duka suna zaune benci ɗaya a makaranta, Bagobiri da Bazamfare da Bakatsine da Bafillace. Abin da za su koya daga Bello shi ne, shugaba nagari yakan nemi magana kafin faɗa, yakan hana nasa zalunci, yakan tanadi abinci da mafaka tun masifa ba ta zo ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan dukan magabatanmu.

Tambayoyi

1. Me ya sa zukatan Zamfarawa suka juya cikin 1805?
2. Wane saƙo Bello ya aika wa malaman 'Yandoto?
3. Su wane ne suka taimaki Bello wajen cin Alƙalawa?
4. Mene ne ribaɗi, kuma mene ne amfaninsa?