Sa'idu ɗan Musayyib: uban da ya hana ɗan halifa 'yarsa, ya ba ɗalibinsa

Duk lokacin da aka tayar da zancen tsadar aure sai ka ji an ambaci malamin da ya aurar da 'yarsa a kan dirhami biyu. Ana yawan faɗar dirhamin, amma ba a cika faɗar wane ne mutumin ba.

Sa'idu ɗan Musayyib Baƙuraishe ne daga Banu Makhzum. An haife shi a Madina bayan shekara biyu da fara halifancin Sayyidina Umar. Mahaifinsa da kakansa Hazn duk sahabbai ne. Ya yi karatu a wajen Zaidu ɗan Sabit, da Nana A'isha, da Ibn Abbas, da Abu Huraira, wanda ya ba shi auren 'yarsa. Ya bibiyi hukunce-hukuncen Umar har ya zama Abdullahi ɗan Umar da kansa yana aikowa a tambaye shi yadda mahaifinsa ya yanke wata shari'a. Yana cikin malaman fiƙihu bakwai na Madina, waɗanda karatunsu ya gangaro ta hannun irin su Zuhri har zuwa ga Imamu Malik. Wato mu Malikawa, kakanmu ne a ilimi.

Sana'arsa sayar da man zaitun, kuma ba ya karɓar kyautar masu mulki. Ku riƙe wannan, don shi ya ba shi bakin cewa a'a.

Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya nema wa ɗansa Walid, mai jiran gado, auren 'yar Sa'idu. Ka auna fa: daular da ta kama daga Khurasan har Arewacin Afirka. Yau da irin wannan saƙo zai shigo gidan ɗayanmu, kafin magariba dangi sun cika tsakar gida da guɗa. Sa'idu ya ƙi. Ya ji wa 'yarsa tsoron abin da fada za ta yi wa addininta.

A cikin ɗalibansa akwai wani talaka, Ibn Abi Wada'a. Ya ɗauke ƙafa daga karatu kwana biyu, da ya dawo malam ya tambaye shi, ya ce matarsa ce ta rasu. Sa'idu ya tambaye shi ko ya sake aure, shi kuwa ya nuna babu mai ba wanda bai mallaki fiye da dirhami biyu ko uku ba. Nan take a majalisin aka ɗaura. Da daddare, yana buɗe baki da gurasa da mai, sai ya ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Malam ne da kansa, amarya na bayansa, don ba ya son mijin ya kwana shi kaɗai alhali yana da mata. Amana ta ilimi ta sa in faɗa cewa malamai sun yi magana a kan isnadin wannan doguwar ruwaya, amma asalin auren da ƙarancin sadakin sananne ne a littattafan tarihi.

Ga inda masu kawo ƙissar suke tsayawa, ni kuma nan nake ganin aka fara. Mijin ya same ta mahaddaciyar Alƙur'ani, masaniyar sunna, ta san haƙƙin aure. Kuma a ruwayar, bayan tarewa Sa'idu ya aika masa da dirhami dubu 20. To ka ga, uban ba neman kai yake yi da ita ba. Ya karantar da ita, ya zaɓi mutumin da ya daɗe yana kallon halinsa a gabansa, sannan ya tallafi gidan daga aljihunsa. Wanda zai cire 'yarsa daga makaranta ya miƙa wa wanda bai sani ba, ba tare da ya ji ta bakinta ba, ya daina jingina da Sa'idu.

Ta fuskar fiƙihu, shi yana ganin sadaki ba shi da mafi ƙaranci, kuma a kan haka Shafi'i da Ahmad suka tafi. Malik ya ce rubu'in dinari ko dirhami uku, Abu Hanifa ya ce goma. Shi ya sa a wajenmu ake bibiyar farashin rubu'in dinari kafin ɗaurin aure. Akwai kuma fatawar da aka ruwaito daga gare shi, cewa matar da aka yi wa saki uku tana halatta ga mijin farko da zarar wani ya ɗaura aure da ita ya sake ta, ko ba a tare ba. Malamai ba su bi shi ba, saboda hadisin matar Rifa'a ya sharɗanta saduwa. Sun yi masa uzuri da cewa hadisin bai iso shi ba. Masu auren kisan wuta kada su yi murna, ba su da mafaka a nan.

Bai rabu da masu mulki lafiya ba. Da Abdulmalik ya nemi a yi wa 'ya'yansa Walid da Sulaiman mubaya'a, Sa'idu ya ƙi. Gwamnan Madina, Hisham ɗan Isma'il, ya sa aka yi masa bulala, aka zagaya da shi gari, aka hana mutane zama da shi. Sai ya zama shi yake korar mai son zama kusa da shi, don kada a cutar da mutum saboda shi.

Ya rasu a Madina, a mafi shaharar magana shekara ta 94 bayan hijira, a zamanin mulkin Walid ɗin da ya hana wa 'yarsa. Allah ya jiƙansa da rahama.