Baba Mutuniyar Karo: Tsohuwar da Jami'o'i Ke Karanta Labarinta

Da yawa daga cikin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun ba su taɓa jin sunan Baba ta Karo ba, alhali kuwa a jami'o'in Ingila da Amurka an daɗe ana karantar da labarinta ga masu nazarin zaman mata da tarihin ƙauyuka.

An haifi Baba wajen shekara ta 1877 a Karo, wani ɗan ƙauye a ƙasar Kano kusa da iyakar Zazzau. Mahaifinta manomi ne kuma malami, danginta suna da rinji inda bayi ke noma. Ta tashi a zamanin hare-hare, lokacin da ake kame mata da yara a daji sai an biya fansa. A zamaninta Turawa suka ci Kano a 1903, ta ga yadda bayi suka watse daga rinji. Ta yi aure har sau huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi, ta kuma zama ungozoma.

A ƙarshen 1949 da farkon 1950, a garin Giwa ta Lardin Zazzau, ta sadu da wata Baturiya, Mary Smith, wadda mijinta M. G. Smith yake bincike a kan zaman Hausawa. Da yake namiji ba ya shiga gidan kulle, matarsa ce ta zauna da Baba, tana faɗa da Hausa ana rubutawa. Ta bayyana al'adun aure da kishi da ƙawance da bori da sana'o'in mata, watau abubuwan da littattafan tarihin sarakuna ba su kula da su ba.

Baba ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba, don sai a 1954 aka buga shi da Ingilishi a Landan. Jami'ar Yale ta Amurka ta sake buga shi a 1981.

To, jama'a, Baba ba ta yi boko ba, amma ga shi malaman jami'a suna ɗaukar karatu daga bakinta. Duk wanda ya bar tsohuwa a gida, in ya je ganin gida ya zauna ya tambaye ta labarin da, ya sa a rubuta tun tana da rai.