Dokta R. M. East da Haruffa Masu Ƙugiya

An haifi Rupert Moultrie East a shekarar 1898. Ya zo Nijeriya ta Arewa a matsayin jami'in ilmi, ya yi aiki a ƙasar Tibi, daga bisani aka ɗora shi a kan Hukumar Fassara, wadda ta zama Hukumar Talifi a Zariya. Shi ne ya shirya gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A watan Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Malam Abubakar Imam yana edita, sannan a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, East yana shugabansa.

Duk ɗalibin Hausa ya san wannan. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne ɗawainiyar da ya yi a kan surar haruffan kansu. Kafin zamaninsa, idan ana son bambanta baki da baƙi, ko bari da ɓari, sai a ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, ko a rataya masa waƙafi a gefe. East yana cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka a shekarun 1930 har aka karɓi ɓ da ɗ da ƙ. Hikimar ita ce, ɗigo yana iya ɓacewa wajen ɗab'i, amma ƙugiya a jikin harafi take.

Wannan shawara kuwa tana da tsada. A wancan zamani da dalma ake zuba haruffa, kowane girma da nasa zubin, kuma kayan maɗaba'ar da ake kawowa daga Ingila don Turanci aka yi su. Saboda haka harafi mai ƙugiya sai an zuba shi musamman, ƙarami don cikin labari, babba don kanu. Maɗaba'ar da ba ta yi haka ba, dole ta cire ƙugiya daga kanunta, wato daidai wurin da idon mai karatu yake fara sauka.

East ya bar Zariya a farkon shekarun 1950, ya rasu a 1975. Sai dai matsalar da ya yi fama da ita ta dawo da sabuwar riga. A yau masu tsara fasta a kwamfuta suna sha'awar haruffan ado masu kumburi da lanƙwasa irin na da, alhali da yawansu ba su da Ɓ da Ɗ da Ƙ. Shi ya sa matafiyi a hanyar Kano zuwa Zariya yakan ga sunan Kwanar Ɗangora a allunan shaguna ba ƙugiya. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su haɗa kai da masu zane a samar da haruffan ado cikakku, domin abin da ya lashe dalma a zamanin East yanzu zane kawai yake bukata.