SAMINU MAI GINSHIƘI (wajen 390 zuwa 459)

A wannan biki na cikarmu shekara 50 mun ga ya dace mu tuna da wani bawan Allah na zamanin dā, wanda ya tsaya wuri ɗaya shekara da shekaru bai gusa ba.

An haifi Saminu wajen shekara ta 390 a ƙasar Kilikiya, wato yankin da Manzo Bulus ya fito, a cikin Turkiyya ta yau. Mahaifinsa makiyayi ne. Shi ma da kiwon tumaki ya tashi, kamar yaran da muke gani suna bin garke a dajin Kebbe. Yana ɗan saurayi ya ji ana karanta albarkun nan na Matiyu sura 5 a cikin sujada, maganar ta kama zuciyarsa. Sai ya bar kiwo ya shiga gidan masu zuhudu, inda ake zaman addu'a da azumi.

A can ya tsananta wa kansa fiye da kowa. Ya taɓa ɗaure ƙugunsa da igiyar kaba har ta ci namansa. Shugabannin gidan suka ga abin ya wuce kima, suka sallame shi. Ya koma wani tudu kusa da birnin Halab a ƙasar Suriya. Amma labarinsa ya bazu, jama'a suka yi ta tururuwa neman addu'a, har ya rasa lokacin ganawa da Ubangijinsa. Domin haka ya hau kan wani ginshiƙin dutse ya zauna. Na farko bai wuce mita 3 ba, na ƙarshe kuwa ya haura mita 15. A bisansa ya sha rana da ruwan sama da sanyin hunturu fiye da shekara 35. Da tsani ake kai masa ɗan abinci.

Ana ba da labari cewa dattawan masu zuhudu sun yi shakka ko girman kai ne ya hau da shi. Suka aika masa da umarni ya sauko. Nan take ya shirya sauka ba gardama. Da suka ga biyayyarsa, sai suka bar shi ya zauna.

Abin mamaki, mutumin da ya guje wa taro ya zama bawan taro. Sau biyu a rana yakan yi wa'azi. Yana sasanta masu rigima, yana tsawata wa masu cin ruwan bashi, yana tsaya wa matalauta. Larabawan hamada da yawa sun karɓi bangaskiya ta wurinsa. Sarakunan Rum, Tiyodosiyus na Biyu da Liyo na Ɗaya, sun nemi shawararsa. Bishop Tiyodoret na Kirus, wanda ya gan shi da idonsa, ya rubuta tarihinsa tun yana da rai.

Saminu ya huta cikin Ubangiji a shekara ta 459, aka kai gawarsa Antakiya, birnin da aka fara kiran masu bi Kirista. Daga baya aka gina babbar majami'a kewaye da ginshiƙin. Kangonta ya daɗe ana ziyartarsa, kafin yaƙin Suriya ya ƙara lalata shi a 2016. Wasu sun bi sawunsa, kamar Daniyel, wanda ya yi shekara 33 a kan nasa ginshiƙi.

Ba muna cewa kowa ya nemi ginshiƙi ya hau ba. Ceto ta wurin alheri yake, azabtar da jiki ba ya sayensa. Abin da muke koya shi ne jimiri da tawali'u. Iyayenmu da suka kafa wannan ikkilisiya sun tsaya a inda Allah ya ajiye su, cikin rashi da ƙarancin jama'a. Yanzu tsayuwar ta zama tamu. Ubangiji ya ba mu ƙarfin riƙe ta, mu miƙa wa 'ya'yanmu. Amin.