Malam Jibrilu ɗan Umaru da almajirin da ya mayar gida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a ƙasar Adar, kusa da Madawa, akwai kushewar Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi. Ya rayu a ƙarni na 18, ya yi hajji sau biyu, kuma a Alƙahira ya karɓi ijaza daga Murtala Zabidi, mai sharhin Ihya'u.

Shehu, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya lazimci Malam Jibrilu kimanin shekara guda, ya bi shi har Agadas. Da malamin ya ɗaura niyyar Makka, almajirin ya ƙwallafa rai ga rakiyarsa. Sai Malam Jibrilu ya mayar da shi gida, domin mahaifinsa bai yi masa izini ba. Wani malamin da ya yi murna da samun saurayi mai kaifin basira irin wannan a doguwar hanya. Shi kuwa ya duba haƙƙin uba, ya kuma san cewa karatu ba ya zama a zuciyar da ta rabu biyu.

Mukan tuna wannan idan muka ga 'ya'yanmu na Madawa da Buza da Kaita sun tafi jami'a a Tawa ko Yamai ko Sayi. Wani guzurinsa ya ƙare, barci ya ƙaurace masa, ya daina cuɗanya da mutane, yana jin kunyar faɗa wa kowa. Mu kuma sai mu ce lalaci ne, ko raunin imani. Alhali ƙuncin rai ciwo ne da likita ke dubawa, kuma sau da yawa malami ne zai fara lura, ya kira yaron gefe, ya sada shi da iyayensa.

Malam Jibrilu mutum ne mai zafi a wa'azi, har ya kafirta masu aikata wasu manyan zunubai. Shehu ya saɓa masa a kan haka a rubuce, cikin ladabi, bai daina yabonsa ba. Bayan dawowarsa daga hajji, Shehu da Abdullahi sun je gare shi ya ba su ijaza. Ya rasu kafin hijirar 1804. Allah Ya jiƙansa.