Byang Kato: Bawan Allah da Ya Tsaya a Kan Maganar Allah

An haifi Byang Henry Kato a Kwoi, ƙasar Jaba, cikin Jihar Kaduna ta yanzu, a shekara ta 1936. Iyayensa masu bin addinin gargajiya ne, mahaifinsa kuwa ya keɓe shi tun yana jariri domin hidimar tsafin gidansu. Amma Ubangiji yana da wani nufi dabam. Yana da shekara 12, a makarantar mishan ta SIM, ya ji labarin Nuhu da jirgi daga bakin Mary Haas, ya gane yana bukatar Mai Ceto, ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu. Aka yi masa baftisma a 1948. Mahaifinsa ya husata ƙwarai, ya tsananta masa, duk da haka yaron bai ja da baya ba.

A 1954 ikkilisiyoyin da aikin SIM ya haifa suka haɗu a ƙarƙashin sunan ECWA. Shekara guda bayan haka Kato ya shiga Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, ya gama a 1957, ya yi aure, ya kama aikin koyarwa. A 1963 ya tafi Landan, ya sami digiri a ilimin tauhidi a 1966. Daga 1967 zuwa 1970 ya riƙe muƙamin Babban Sakataren ECWA, a daidai shekarun yaƙin basasa, lokacin da masu bi da yawa suka warwatse. Sa'an nan ya wuce Dalas ta Amurka, inda ya sami digirin digirgir a 1974.

Tun kafin ya gama, a 1973, aka zaɓe shi Babban Sakataren Ƙungiyar Masu Bishara ta Afirka da Madagaska, mai hedkwata a Nairobi. Shi ne ɗan Afirka na farko a wannan kujera.

A zamanin nan ƙasashen Afirka sun sami 'yancin kai, ikkilisiyoyi kuma suna fita daga hannun Turawan mishan. Tambaya mai nauyi ta taso: da me za a san ikkilisiyar da ta tsaya da ƙafafunta? Waɗansu masana sun nemi a ɗaga darajar addinin kakanni, har Kato ya ga koyarwarsu tana kaiwa ga cewa kowane addini hanyar ceto ne. Ya amsa musu cikin littafinsa, Theological Pitfalls in Africa, wanda ya fito a 1975, inda ya yi nazarin rubuce-rubucen John Mbiti da Bolaji Idowu. Ya yarda kakanni sun san akwai Mahalicci, gama halitta tana shaidarsa, amma ya nace cewa wannan sani ba ya kawar da zunubi. Ceto yana cikin Almasihu kaɗai, Littafi Mai Tsarki kuma shi ne ma'aunin kowace koyarwa da kowace al'ada. Mutumin da aka keɓe wa tsafi tun yana goye ya san abin da yake faɗa.

Kato bai ƙi al'adun Afirka ba. A babban taron bishara na Lozan, ƙasar Suwizalan, a 1974, ya ƙarfafa a yi shelar bishara da harsunan mutane da waƙoƙinsu, muddin ba a taɓa ainihin saƙon ba. Ya kuma tunatar da masu bi cewa Kiristanci ba addinin Turawa ba ne, gama ya kafu a Masar da Habasha da Afirka ta Arewa tun ƙarnonin farko. Waɗansu sun zarge shi da tsanani, suna cewa ra'ayin malamansa na Amurka yake maimaitawa. Har yau masana suna muhawara a kan wannan, amma abokan hamayyarsa ma sun shaidi gaskiyar zuciyarsa.

Ya lura cewa ikkilisiya mai yawan jama'a da ƙarancin koyarwa tana cikin haɗari. Saboda haka ya roƙi a kafa manyan makarantun tauhidi a cikin Afirka, ɗaya da Faransanci, ɗaya da Turanci. Bai ga cikar wannan da idonsa ba. Ranar 19 ga Disamba, 1975, yana hutu da iyalinsa kusa da Mombasa a Kenya, ya nutse a teku yana da shekara 39. Makarantar Bangi ta buɗe a 1977, ta Nairobi kuma a 1983.

Ikkilisiya mai cin gashin kanta takan mallaki gine-gine da shugabanni da tsarin mulki, amma waɗannan ba su ne tushenta ba. Rayuwar Kato tana kiran kowane fasto da dattijo da malamin makarantar Lahadi su auna abin da suke koyarwa da Maganar Allah. Ubangiji ya ba mu alherin riƙe wannan amana. Amin.